Daga Jakar Masu Sauraro: "Ƙwan" Da Aka Ciro A Cikin Yayana, Jifa Ne Ko Cuta?

Yau wasiƙu uku za mu ɗauka, domin duk ukun abu guda suke kewayawa, watau ƙullutu a cikin ciki. Ta farkon ita za ta fi cin lokacinmu, saboda akwai zumunci a cikinta da ke neman lalacewa.

Wasiƙar ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Bakura, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Yayana ɗan shekara 60 da 'yan kai ya daɗe yana fama da gwaiwa. Da aka kawar da amfanin gona sai muka sayar da shinkafa muka kai shi asibiti aka yi masa aiki. Da likita ya fito sai ya nuna mana wani abu a cikin kwano, fari fat, sumul, kamar dafaffen ƙwan zabo da aka ɓare. Ya ce a cikin jakar gwaiwar ya same shi, bai manne da komai ba, kuma kada mu damu. To amma da muka dawo gida sai magana ta tashi, wai jifa ne, wai ɗan baffanmu da suke rigimar iyakar gona ne ya yi masa ajiya. Yanzu ko gaisuwa ba a yi tsakanin gidajen biyu. Don Allah a bincika mana gaskiyar wannan abu."

To, Malam, Allah ya ƙara wa yayanka sauƙi. Ni dai ka sani malamin makaranta ne kafin in kama wannan aiki, saboda haka sai da na ɗauki wasiƙarka na zauna da likitocin fiɗa, na kuma bi abin da aka rubuta a kan al'amarin. Amsar a taƙaice ita ce, abin nan sananne ne a wurin likitoci, ko da yake ba kasafai ake gamuwa da shi ba, kuma jikin yayanka ne da kansa ya ƙera shi. Turawa ma har laƙabi suka yi masa, suna ce masa "ɓeran ciki", don yau a same shi nan, gobe ya gangara can. Bari in bi da kai sannu a hankali, yadda in ka koma zauren gidanku za ka iya yi wa dattawa bayani da bakinka.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san cewa idan aka tsaga ciki, kayan ciki ba a manne suke da fata ba. Tumbi da hanji suna kwance ne a cikin wani fili, suna santsi, suna zamewa a hannu, ga kuma mayafin kitse ya lulluɓe su. Haka cikin ɗan Adam yake. Akwai wani tantani mai laushi da ya shimfiɗe bangon ciki ya kuma naɗe hanji, sa'an nan akwai ɗan ruwa kaɗan a tsakani, wanda bai cika kofin shayi ba, aikinsa shi ne ya hana kayan ciki gogar juna, kamar dai yadda baƙin mai yake wa injin ban-ruwa. To ka riƙe wannan: cikin hanji daban, wannan fili da ke bayan hanji daban. Abin da mutum ya ci ko ya sha, cikin hanji yake bi har ya fita. Ba shi da ƙofar da zai shiga wancan fili, sai fa in hanjin ne ya huje, wanda kuwa hanjinsa ya huje ba ya kwana biyu yana yawo a gari. Ledar da mahauta ke tararwa a tumbin saniya, da curin gashin da akan samu a cikin maraƙi, waɗannan haɗiye su aka yi, shi ya sa a cikin tumbi ake samunsu. Na yayanka kuwa a waje da hanji aka same shi. Ke nan maganar wai an ba shi a abinci ta faɗi tun daga nan.

To daga ina ya fito? A jikin babban hanjin mutum akwai waɗansu 'yan tsirgogin kitse da suke reto, kamar 'ya'yan itace a reshe. Kowa yana da su, ni da kai da likitan, kimanin 50 zuwa 100 a jikin baligi. Kowanne yana rataye ne da ɗan siririn wuya, kuma ta cikin wuyan nan 'yan ƙananan jijiyoyin jini suke bi su ciyar da shi. Wata rana sai ɗaya daga cikinsu ya murɗe a kan wuyansa. Da ya murɗe, jini ya yanke. In abin ya zo farat ɗaya, mutum yakan ji ciwo mai tsanani a gefen mara, galibi ta hagu, ya yi mako guda ko biyu ya lafa, a ce ai ciwon ciki ne ya zo ya wuce. In kuwa a hankali ya murɗe, mai shi ba ya ma sanin an yi. Kitsen nan da ya rasa jini sai ya mutu, ya bushe, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi ya taru a kansa ya taurare. Wuyan kuma ya yi ta sirancewa har ya tsinke, kamar yadda goriba take faɗowa in ta nuna. Shi ke nan, ya zama ɗan yawo a cikin ciki.

Daga nan ne girmansa yake farawa, kuma nan ne abin mamakin. Ba shi da saiwa, ba jijiyar da ke kai masa jini, amma yana ƙaruwa. Ka ga yadda mai fura take mirgina dunƙule a cikin gari, garin yana kama jikinsa? Haka wannan abu yake mirginawa a cikin ɗan ruwan nan na ciki duk lokacin da mutum ya tashi, ya sunkuya, ya kwanta, sinadarin da ke cikin ruwan yana liƙe masa, shafi bisa shafi, shekara da shekaru. Shi ya sa idan aka raba shi biyu da wuƙa sai a ga farin ɓargo mai kauri a waje, hawa-hawa kamar albasa, a tsakiya kuma ga wani abu rawaya kamar gwaiduwa. Gwaiduwar nan ita ce ɗan kitsen asali. Wanda bai sani ba lalle ya rantse dafaffen ƙwai ne, ban ga laifin mutanen gidanku da suka firgita ba.

Yawancinsu ƙanana ne, daga ƙwayar wake zuwa ɗan ƙaramin goro, watau rabin santimita zuwa santimita 2 da rabi. Wanda ya wuce santimita 5 shi likitoci suke lissafawa a cikin manya, kuma irinsa ƙalilan ne ƙwarai, har in likita ya ci karo da shi yakan rubuta labarinsa don 'yan'uwansa su karanta. An fi samun manyan a jikin maza waɗanda suka haura shekara 50. Da yake gwaiwa ba komai ba ce illa ɓula a bangon ciki wadda tantanin nan yake zurarowa ta cikinta ya yi jaka, ɗan yawon nan yana iya gangarawa ya faɗa cikin jakar ya zauna. Abin da ya faru ga yayanka ke nan.

Kuma ba yau aka fara ganinsa ba. Wani likita Bafaranshe mai suna Littré ya ba da labarin irinsa tun a 1703. A 1863 wani shahararren likitan Jamus, Virchow, ya bayyana cewa daga tsirgogin kitsen hanji yake samuwa. A 2015 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, ta buga hoton wanda aka ciro daga cikin wani mutum ɗan shekara 62, tsawonsa santimita 10, nauyinsa giram 220, kusan nauyin ƙwan kaza huɗu. Mutumin ya fi shekara 20 yana fama da yawan fitsari, domin abin ya kwanta masa a kan mafitsara. Da aka cire, fitsarin ya daidaita. To, Malam, in an ce ɗan baffanku ne ya yi wannan aiki, sai ka tambaya a hankali, cikin ladabi: shi wancan na Faransa da na Amurka, da wa suka yi rigimar iyakar gona?

Ga kuma wani lissafi da ya kamata dattawanku su yi. Abu mai girman ƙwan zabo ba ya haɗuwa a damina ɗaya. Shekaru yake ɗauka yana tara ɓargo. Ku ƙirga yaushe rigimar gonar ta fara, wataƙila ku tarar abin ya girme ta nesa ba kusa ba. Ni a ganina, ɗora wa mutum laifin neman ran ɗan'uwansa ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan ba ku da hujja ko ta anini. Maganar iyaka a kai ta gaban mai unguwa ko hakimi a auna, a kafa alama. Maganar ƙwai kuwa, ku ɗauki dattijo ɗaya daga kowane gida ku koma wurin likitan da ya yi aikin, ya maimaita bayanin a gabansu. In an aika da abin ɗakin gwaje-gwaje, ku karɓo takardar sakamakon ku adana. Ba kansa ba ce, ba ya yaɗuwa, ba ya komawa wani sashe na jiki ya tsira, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Tun da an cire, magana ta ƙare. Abin da ya rage wa yayanka shi ne ya kiyaye ɗaukar kaya masu nauyi da noman huɗa har lokacin da likita ya ɗibar masa ya cika, don ɗinkin gwaiwar ya kama sosai.

Wasiƙa ta biyu daga wani Alhaji ce, mai sayar da hatsi a kasuwar Talatar Mafara. Ya ce shekararsa 57, fitsari yana tashinsa sau biyar ko shida a dare, yana jin nauyi a mararsa, wani lokaci kuma in ya juya a kan gado sai ya ji kamar wani abu ya gangara. Wani mai magani ya ce zai zuƙe masa shi da ƙaho. Yana tambaya, ya yarda?

Alhaji, kada ka yarda. Ƙaho fata yake kamawa, jinin da ke ƙarƙashin fata yake ja. Tsakanin fata da filin cikin nan akwai kitse, akwai tsoka hawa-hawa, akwai tantani. Babu ƙahon da zai ratsa waɗannan ya fito da ƙullutu ba tare da ya bar rami ba. In ka ga an nuna maka allura ko gashi ko tsakuwa a cikin ƙaho alhali fatarka ba ta ɓule ba, to ka dubi hannun mai aikin, kada ka dubi cikinka. Sakiya kuwa ta fi haɗari, don ƙarfe mai zafi ko tsinke yana iya samun hanji, kuma hanji in ya huje ƙazanta ta zuba a ciki, sai dai wani ikon Allah. Haka nan a bar murza wurin da ƙarfi, a bar ɗirkar kanwa da magungunan wankin ciki.

Sa'an nan kada don ka ji bayanin da na yi yanzu ka yanke wa kanka hukunci cewa ɓeran ciki ne da kai. Gaskiya ne manyansu sukan gangara can ƙasan mara, tsakanin mafitsara da dubura, domin nan ne kwarin ciki, su danne mafitsara su kawo yawan fitsari ko riƙewarsa, ko su danne hanji bayan gida ya yi wuya. Amma a cikin maza sa'o'inka masu tashin fitsarin dare, mafi yawa abin da ke damunsu shi ne kumburin wata 'yar tsoka da ke wuyan mafitsarar namiji, wadda likitoci ke kira furostet, ko kuma ciwon suga, ko tsakuwar mafitsara. Waɗannan su za a fara nema.

Ga yadda binciken yake tafiya. Likita zai tambaye ka, ya latsa cikin da hannu, a gwada fitsari da jini. Daga nan sai hoton sikanin, irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu, wanda ba ya ciwo, ba ya kuma ɗaukar lokaci. In an hango ƙullutu ba a gane kansa ba, sai a tura ka babban hoto da ake kira siti-sikan, wanda yake nuna ciki yanka-yanka kamar an yanyanka kabewa. A wannan hoto ɗan yawon nan yana da kamanni nasa: kewayayye ne, gefensa sumul, tsakiyarsa da tauri kamar ƙashi. Akan yi wa mutum allurar wani ruwa da ke bin jini ya haska duk abin da jini ke shiga. Ƙari mai rai yakan haska, shi kuwa wannan ba ya haskawa, tun da ba jijiyar da ke shigarsa. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da ta burge ni: a ɗauki hoton mutum yana rigingine, sa'an nan a ce ya yi rub da ciki a sake ɗauka. In ƙullutun ya canja wuri, to ba shi da saiwa. Duk da haka sau da yawa yakan rikita likitoci su zaci ƙari ne, sai an shiga ciki gaskiya take bayyana.

Magani kuma ya danganta. Ƙarami wanda aka gani bisa katari, ba ya damun mai shi, kuma an tabbatar da ko mene ne, ana iya ƙyale shi. Ba ƙwaya ko allura ko saiwar da ke narkar da shi, kada wani ya ci kuɗinka a kan haka. Wanda ya girma yana danne mafitsara ko hanji, ko wanda ake shakkar ko ƙari ne, tiyata ce maganinsa, kuma tana cikin masu sauƙi, don ba abin da za a yanke, ɗaukowa kawai za a yi. Wani wuri a tsaga ciki, wani wuri kuma, inda akwai kayan aiki, a yi 'yan ƙananan huji a zura siririn madubi mai fitila, a jefa abin cikin 'yar jaka a jawo shi.

Ka fara da Babban Asibitin Talatar Mafara da ke kusa da kai. In abin ya fi ƙarfin nan, su za su ba ka takarda zuwa Gusau, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Babban hoton nan yana da tsada, sai a birni ake samunsa, saboda haka ka yi tanadi, ka kuma riƙe duk takardun da aka ba ka a jaka guda, kada a sa ka biyan kuɗin gwaji ɗaya sau biyu.

A nan zan ɗan ratse in yi magana da manoman rani na Mafara da Bakura da Maradun baki ɗaya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, rayuwarmu ta haɗu da ruwan kwata, mu da 'ya'yanmu. Ruwan da ke kwance kuwa gidan sauro ne, gidan kuma 'yan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Tsargiya iri biyu ce: mai sa fitsarin jini, wadda kowa ya sani, da ta hanji, wadda take aiki a ɓoye ta lalata hanta ta kumbura saifa. Don haka ƙullutun da manomi zai ji a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, sau da yawa saifa ce, daga zazzaɓin cizon sauro ko tsargiya. Tsargiya kuwa tana da ƙwaya, Praziquantel, wadda ake auna wa mutum gwargwadon nauyinsa ko tsawonsa. Mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, tare da rama da rawayar ido, hanta ce, kuma wannan ba ya son jinkiri ko kaɗan. Ɓeran ciki a bayan layi yake, can ƙarshe. Waɗannan su ne a gaba.

Akwai kuma alamun da in an gan su ba a jiran wayewar kasuwa, ba a jiran a sayar da akuya: ciki ya kumbura ana amai kore, ba bayan gida ba tusa, fitsari ya riƙe ƙam, gwaiwar da ta saba komawa ta ƙi komawa tana zafi, ciki ya yi tauri kamar allo ga zazzaɓi. Mai irin wannan kada a ba shi tuwo ko kunu, domin wataƙila tiyata za a shiga da shi, kuma ana son cikinsa wayam kafin a yi masa allurar barci. Kun dai san halin da hanyoyinmu suke ciki a 'yan shekarun nan, tafiyar dare ba ta yiwuwa a wurare da dama. Ciwon da ya fara da hantsi, a kama hanya kafin la'asar.

Wasiƙa ta uku gajeriya ce, daga wata baiwar Allah a Maradun. Ta ce ƙanwar mahaifiyarta ta yi shekara 6 da ciki kwantacce, ga tauri a mara ana ji da hannu, ba ya gaba ba ya baya. Shin shi ma irin wannan ne?

Malama, mata suna da nasu kason a wannan babi. Ƙarin mahaifa, wanda ake kira fibroid, wani yakan tsiro a bayan mahaifa da siririn wuya, ya murɗe ya tsinke, ya koma yawo ko ya liƙe a wani wuri. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan wuyar samu: ciki ya zauna a wajen mahaifa, ɗan ya rasu bayan ya yi girman da jiki ba zai iya shanye shi ba, sai jiki ya lulluɓe shi da sinadarin ƙashi ya taurare kamar dutse. A duk tarihin likitanci kimanin 300 kawai aka rubuta. A ƙasar Maroko an yi wata tsohuwa da ta ɗauki irinsa tun 1955, ba a cire ba sai 2001, shekara 46 ke nan. Amma mafi yawan matan da ake cewa cikinsu ya kwanta, in an yi hoto sai a tarar ƙarin mahaifa ne, ko ƙullutun ruwa a ma'ajiyar ƙwai, wani kuwa mugun ƙari ne da ake ta ba shi lokaci yana girma. Ki lallashi innarki ku je a yi mata sikanin, aikin 'yan mintoci ne. Ku tafi tare da mijinta in zai yiwu, ya ga hoton da idonsa, don kada bayanin ya tsaya a kanta ita kaɗai in an dawo gida. Ita kuma mace mai ƙuruciya da ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, sa'an nan ciwon mara ya sare ta farat ɗaya har da jiri ko suma, wannan jini ne mai yiwuwa yake zuba a ciki, a ɗauke ta zuwa asibitin da ake tiyata nan take.

Lokaci ya yi mana halinsa. Akwai wasiƙu da suka taru a kan ajiyar gyaɗa da masara da fumfunar da ke kama su a rumbu, su za mu buɗe a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko mana, a kuma riƙa rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Mu kwana lafiya.